Amsa Ga Mai Tambaya Kan Tseren Motoci A Titunan Chicago

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A taron al'ummarmu na makon jiya ka tambaye ni a bainar jama'a dalilin da ya sa ba na ɗokin dawowar tseren NASCAR, kamfanin shirya tseren motoci na Amurka, cikin birnin Chicago, alhali an ce ya jawo wa birnin fiye da dala miliyan 100. Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa nake ba ka amsa a rubuce.

Ba na musun amfanin tseren. Tun ranar 2 ga Yulin 2023, da aka fara gudanar da shi a kan hanya mai tsawon kusan kilomita uku da rabi da ta kewaye filin shaƙatawa na Grant Park, miliyoyin masu kallon talabijin sun ga kyawun birninmu da gaɓar tafkin Michigan, otal-otal kuma sun samu baƙi. Ni kaina na ji daɗin yadda Shane van Gisbergen, ɗan ƙasar New Zealand, ya lashe gasar a karon farko da ya shiga cikinta.

Amma adadin da ka ambata yana buƙatar a duba shi da kyau. Binciken jami'ar Temple, wanda hukumar tallata yawon buɗe ido ta birnin ta sa aka yi, ya ƙiyasta kusan dala miliyan 109 a 2023. Wannan kuɗi ne da aka ce ya zagaya a hannun 'yan kasuwa. Abin da ya shiga baitulmali daban yake. A yarjejeniyar da tsohuwar magajiyar gari Lori Lightfoot ta ƙulla a 2022, kuɗin izinin amfani da filin dala dubu 500 ne kacal a shekarar farko, sai dala biyu a kan kowane tikiti da wani kaso na cinikin abinci da kayan tsaraba. Kuɗin ƙarin lokacin aikin 'yan sanda da gyaran tituna kuwa, a wuyan masu biyan haraji ya rataya, har sai da magajin gari Brandon Johnson ya sa kamfanin ya ƙara dala miliyan biyu a 2024.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne filin kansa. Grant Park na kowa ne, musamman talakan da ba shi da halin kai iyalinsa hutu wani gari. Sai ga shi ana toshe sassansa makonni ana kafa shinge da kujerun 'yan kallo, a tsakiyar bazara, daidai da hutun 4 ga Yuli, ranar tunawa da 'yancin kan Amurka, a birnin da sanyi ke kulle mutane a ɗaka watanni. A 2023 har bikin abinci na Taste of Chicago aka ɗage zuwa Satumba domin a ba tseren wuri, sannan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sa aka rage zagayen tseren, aka soke wasannin mawaƙa.

Yanzu da NASCAR ta dakatar da tseren Chicago a 2026 ta nufi birnin San Diego, birninmu ya samu damar sake ciniki. Idan za a dawo da shi, ina so a sauya lokacinsa daga hutun Yuli, kamfanin ya ɗauki dukkan ɗawainiyar tsaro da gyaran hanya, a kuma gabatar da yarjejeniyar gaban majalisar birni kafin a sa mata hannu. In aka cika waɗannan, zan goyi bayansa.

Wassalam,
Naka ɗan'uwa a Chicago.