Rahoton Ayyukan Shekara: Tafiyar Banjul da Aikin Caji Ofis

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, shugaba, 'yan kwamitin zartarwa da sauran 'yan uwa maza da mata, Allah ya ƙara girma. Ga bayanin abin da muka gudanar a bana.

Zaman wata-wata bai tsaya ba, in ban da na watan azumi da aka saba ɗagewa. An yi taron wayar da kai a Katsina da Daura da Funtuwa, kwamitin mata kuma ya kai sabulu da tabarmi ga masu jiran shari'a kafin babbar salla. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi dalla-dalla ranar babban taro.

Abin da ya fi cin kuɗi, ya kuma fi jawo ƙorafi, shi ne tura wakilai Banjul ta ƙasar Gambiya, wurin taron ƙungiyoyin farar hula da ake yi gab da zaman Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka. Wasu dattawanmu sun ce kuɗin jirgin kaɗai ya isa a ɗauki lauya ya fito da mutane da dama daga tsare. Maganarsu tana kan hanya, don haka ya zama dole mu faɗi abin da aka dawo da shi.

Hukumar ta fara aiki a 1987, bisa yarjejeniyar da shugabannin Afirka suka amince da ita a Nairobi a 1981, wadda Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida a 1983. Sai dai hukumar ba ta sauraron ƙara sai mai ƙara ya gama bin kotunan ƙasarsa, kuma kun san yadda shari'a ke daɗewa a nan. Kotun Afirka da ke Arusha ma ba ta buɗe mana ba, domin Najeriya ba ta ba da sanarwar da za ta bai wa ɗaiɗaikun mutane damar kai ƙara kai tsaye ba. Kotun ECOWAS da ke Abuja ita ce ba ta gindaya sharaɗin gama bin kotunan gida, kuma mutum na iya kai mata ƙara kai tsaye. A Yulin 2024 ta yanke cewa gwamnati ta take haƙƙin masu zanga-zangar EndSARS ta Lekki a Legas ta 20 ga Oktoban 2020, ta umarci a biya mutum uku da suka shigar da ƙara diyya. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma samun hukunci daban, a aiwatar da shi daban, amma ƙofa ce da motar haya ma za ta kai mu bakinta.

Wakilanmu sun ce mutanen Gambiya ne suka fi ratsa su. Bayan mulkin Yahya Jammeh na 1994 zuwa 2017, hukumar bin gaskiya da suka kafa ta saurari shaidu a bainar jama'a, sojoji suka amsa da bakinsu cewa sun yi kisa, har da na baƙin Afirka ta Yamma a 2005, waɗanda akwai 'yan Najeriya a cikinsu. Wata dattijuwa ta nuna wa wakiliyarmu fayil ɗin ɗanta: hotonsa, ranar da aka ɗauke shi, launin motar da ta zo, da sunan maƙwabcin da ya gani. Takardun duk sun koɗe, ta lulluɓe su da leda. Duk ƙungiyar da aka saurara da kyau a zauren nan, irin wannan fayil take riƙe da shi.

Akwai wurin da wakilanmu suka sha wuyar fahimtar da mahalarta. Wanda ya zo daga nesa yana ganin jami'in tsaro shi ne abin tsoro. Mutumin Batsari ko Jibiya ko Faskari kuwa roƙo yake a ƙaro masa soja, don ɓarayin daji sun hana shi noma, kuma ba mu manta ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 ba. Shi ya sa in muka yi maganar azabtarwa a nan gida sai a ce muna kare 'yan bindiga. Matsayin kwamiti bai canja ba: muna tare da masu tsaron mu, har da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023, kuma ba za mu yi shiru ba in an kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Masu Maulidin Tudun Biri da jirgin soja maras matuƙi ya hallaka a Disambar 2023 ba ɓarayi ba ne.

Da dawowar wakilanmu muka buɗe littafin rajistar ƙorafi. Doka dai muna da ita. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Da wannan ta ƙarshe lauyanmu ya fito da wani dattijo mai sayar da itace da aka tsare a wani caji ofis saboda ɗansa ya gudu. Ya tarar da shi zaune a ƙasa ba hula, yana tambaya ko an ba akuyarsa ruwa. Ko sisi ba a biya da sunan beli ba.

Don aikin baɗi, muna neman mutum biyu a kowace shiyya da za a koya wa cike rajistar: sunan wanda abin ya shafa, rana da wuri, takardar likita in an ji rauni, da yardar iyalinsa kafin a fitar da maganar. Mai sha'awa ya ba da sunansa ga sakatariyar mata ko ni. Kwamiti ya ba da shawarar kada a sake tafiya waje sai an samu mai ɗaukar nauyi, a juya kuɗin zuwa asusun lauya, amma babban taro ne zai yanke. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, Katsina.