Dariyar da aka yi wa tsofaffin matuƙan tafkin Inya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan gidanku, na rubuto ne a kan dariyar nan da mai gabatar da shirinku na rediyo na daren Asabar ya yi, da kuma maganar da ya rufe shirin da ita. Ka san wurin da nake nufi. Dattijon nan da kuka yi hira da shi, ɗan ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), ya faɗi taken ƙungiyarsu ta tseren kwalekwale ta Jami'ar Rangun, mai tuƙi a tafkin Inya, wato "ka yi ta tuƙi har ka mutu", sai mai gabatarwa ya tuntsire da dariya tun kafin tafinta ya kai aya, daga baya kuma ya kira 'yan ƙungiyar tsofaffi masu kewar zamanin Bature waɗanda suka rasa aikin yi sai ƙirga matattu. Kwana uku na yi ina lallashin kaina in bar maganar ta wuce, amma ta ƙi barina, domin na san ɗaya daga cikin mutanen da aka yi wa wannan dariya, na ci abincin gidansa, kuma da hannunsa ya gyara mini babi biyu na kundin digirina ba tare da ya karɓi ko sisina ba.

Daga 2009 zuwa 2013 ina Malesiya ina karatun digiri na uku, kuma a sashenmu akwai wani dattijo injiniya ɗan Bama da yake koyarwa a kan kwantaragi. Saya muke ce masa, wato malam a harshensu. Mutanen ƙasarsu ba su da sunan iyali, kalmar da ake sa wa a gaban sunan mutum ita ce take nuna matsayinsa: Maung ga yaro, Ko ga saurayi ko tsara, U ga babban mutum, Daw ga babbar mace, Saya ga wanda ya koyar da kai. A kan teburinsa akwai wani tsohon hoto marar launi na samari tara a bakin ruwa, takwas ƙarti, ɗaya ɗan ƙaramin jiki yana tsugune a gabansu. Ranar da na fara tambayarsa hoton, sai ya ajiye aikin da yake yi, ya zayyano mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin zamansu a cikin jirgi, da makarantar sakandaren da kowannensu ya fito, da inda kowa ya ƙare. A lokacin uku ne suka rage da rai, ɗaya a Sidni, ɗaya a Kalifoniya, sai shi.

Shi ne ya fahimtar da ni yadda wasan yake, wanda shirinku bai tsaya ya bayyana ba. Wanda ya taɓa kallon rigata a Yawuri zai ɗauka abu guda ne, amma da bambanci. A namu, matuƙa suna fuskantar inda za su, kowa da filafilinsa sake a hannu. A nasu, jirgin siriri ne ƙwarai, kowane matuƙi yana zaune a kan 'yar kujera mai zamewa gaba da baya, filafilinsa dogo yana maƙale a gefen jirgi, kuma dukansu sun juya wa inda za su baya. Ɗan ƙaramin nan da ke ƙarshen jirgi shi kaɗai yake ganin hanya, shi yake juya akala, shi yake ba da umarni da murya. In mutum ɗaya ya saki filafili ko ya makara da ƙiftawar ido, ya ɓata wa mutum takwas wahalar wata da watanni. Ma'anar taken da aka yi wa dariya ke nan: ba ka da ikon tsayawa don ka gaji alhali sauran suna ja. Saya ya nuna mini tafin hannunsa, ya ce kantar da filafili ya yi masa ta daɗe da bajewa, amma har lokacin ba ya iya barci ya wuce ƙarfe biyar na asuba, domin a wannan sa'a suke sauka ruwa kafin a shiga aji.

Ba na musun cewa Bature ne ya kafa ƙungiyar. Wani malamin shari'a ɗan Ingila, Arthur Eggar, shi ya kafa ta a 1923, shekara uku bayan buɗe Jami'ar Rangun. Tafkin ma Turawa ne suka tare shi wajen 1882 domin bai wa birnin ruwan sha, suka sa masa sunan Sarauniya Biktoriya kafin ya koma Inya. Amma in wannan ya isa a kira mutum mai kewar mulkin mallaka, to duk wanda ya taɓa buga ƙwallon ƙafa a ƙasar nan sai ya shiga sahu. Wannan jami'a ita ce ɗalibanta suka yi yajin karatu tun a shekarar da aka buɗe ta, 1920, yajin da har gobe shi ne tushen ranar ƙasa a Bama. Ita ce ta fitar da Aung San da U Nu, waɗanda suka jagoranci yajin 1936, daga baya ɗaya ya zama uban 'yancin ƙasar, ɗaya firaministanta na farko. Saya kuwa bai fi shekara shida ba lokacin da Turawa suka tattara nasu-ya-nasu a 1948. Ya yi tuƙinsa ne wajen 1960, a ƙasa mai 'yancin kanta, lokacin da matuƙan Rangun suke zuwa Kalkata da Kolombo su kara da ƙungiyoyin can. Wane zamanin Bature ne zai yi kewa?

Abin da suke kewa a bayyane yake ga wanda ya tsaya ya tambaya. A ranar 2 ga Maris 1962 Janar Ne Win ya ƙwace mulki. Ranar 7 ga Yuli na wannan shekara sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta a harabar jami'ar, da asubar washegari kuma suka sa nakiya suka tarwatsa ginin ƙungiyar ɗalibai, ginin da Aung San ya yi gwagwarmaya a cikinsa. A 1964 aka yayyanka jami'ar, aka ware likitanci daban, injiniyanci daban. A 1965 gwamnati ta karɓe makarantu masu zaman kansu, har da na mishan, ta shafe sunayensu ta sa musu lambobi. Makarantar St. Paul, inda Saya ya yi sakandare, ta wayi gari sunanta makaranta mai lamba 6 ta unguwar Botataung, malamanta 'yan ƙasashen waje kuma ba a jima ba suka bar ƙasar. Ka duba, Malam Edita, mutumin da aka sauya wa sunan makaranta, aka rushe masa zauren taro, aka raba masa jami'a, daga baya a 1989 aka sauya har sunan birninsa da na ƙasarsa, in bai riƙe sunayen abokan ajinsa da na malamansa ba, me ya rage masa da zai nuna wa jikokinsa ya ce ga inda na fito?

Akwai abu guda da Saya ba ya son a taɓo, sau ɗaya kawai ya yi mini maganarsa, muna cin kwaɗon ganyen shayi irin nasu a gidansa. Bayan ya gama karatu ya zauna yana koyarwa a kwalejin injiniyanci ta Rangun har zuwa 1988. A watan Maris na wannan shekara 'yan sanda suka harbe wani ɗalibin kwalejin mai suna Phone Maw, kwana uku bayan haka, ranar 16 ga wata, aka ritsa ɗalibai masu zanga-zanga a bakin tafkin Inya, a wurin da ake kira Farar Gada, aka yi ta dukansu, wasu suka faɗa ruwa ba su fito ba. Tun daga ranar mutane suka koma kiran wurin Jar Gada. Ruwan da ya yi samartakarsa a kai ke nan. Aka rufe jami'o'i shekara uku, aka sake rufe su a ƙarshen 1996, kuma sai a 2013 aka yarda 'yan digiri na farko su koma babbar harabar jami'ar. Malamai irinsa da yawa sun watsu ne a wannan tsakani, wasu Singafo, wasu Ostireliya, wasu Amurka. Dattijon da kuka yi hira da shi ya ambaci tafkin sau uku, muryarsa tana rawa, amma ba a tambaye shi dalili ba, an fi sha'awar jin ko har yanzu yana iya shiga kwalekwale ba tare da ya kife ba.

Maganar ƙirga matattu ita ta fi yi mini ciwo. Gaskiya ne suna ajiye jerin waɗanda suka rasu, aji-aji, shekara-shekara, kuma na ga Saya yana gyara nasa da jan biro. Amma jerin nan shi ne ake bi a gano wane malami ne ya kwanta ciwo ba mai kula da shi, wace gwauruwa ce aka bari da kuɗin asibiti. Suna da biki na musamman na girmama malamai, galibi a watansu na Thadingyut, wajen Oktoba, domin a al'adarsu malami yana cikin abubuwa biyar da ba a iya biyan alherinsu, tare da iyaye. Saya ya tafi da ni irin wannan taro sau ɗaya. Na ga mutane masu furfura, wasu manyan injiniyoyi, wasu shugabannin kamfanoni, sun zauna a ƙasa sahu-sahu bisa shekarar da suka gama, malamansu suna bisa kujeru, wasu an turo su a keken marasa lafiya. Suka nemi gafarar duk laifin da suka yi wa malaman, na aiki ko na baki ko na zuci, malaman suka yafe, sannan aka miƙa wa kowane malami ambulan na kuɗi da zane da magunguna. Shi kansa Saya, bayan ɗalibansa sun gama da shi, sauka ya yi daga kujera ya zauna a ƙasa gaban wani tsoho da ya koya masa lissafi shekara hamsin da suka wuce. Ni Musulmi ne, ban sunkuyar da goshina ga kowa ba, ba kuma wanda ya nemi in yi, kuma ba ina kira a kwaikwayi wannan ɓangare ba ne. Amma a wurin na tuna da malamin da ya koya mini karatun boko a aji ɗaya, wanda na ji labarin rasuwarsa bayan wata takwas, a bakin wani direba a tasha, sai kunya ta rufe ni.

Mu da Bama ba baƙin juna ba ne da har za mu yi musu kallon abin dariya. Ƙanen kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da aka kai yaƙi can a zamanin yaƙin duniya na biyu, ya yi faɗa a yankin kogin Kaladan, kuma har yau barikin Kalapanzin da ke Kaduna sunan wani wuri ne na can. Shi ma har ya koma ga Allah yana lissafa sunayen abokansa da aka binne a dajin Arakan, in ya idar da sallar la'asar, kuma ba a taɓa samun wanda ya ce ya rasa aikin yi ba. Da na ba Saya wannan labari, tashi ya yi tsaye ya sake ba ni hannu. Hausawa sun ce in ba ka san gari ba, saurari daka. Mai gabatarwarku bai saurara ba.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wani abu da ya daɗe yana damuna. Kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar tafinta ya yi ƙarfi da yawa, musamman ga irinmu da kunne ya fara nauyi. A shirin nan na Asabar sai da na kara rediyo a kunne kafin in tsinci rabin maganar dattijon, kuma maimaicin da kuka mayar daidai lokacin sallar magariba bai amfani kowa ba. Na yi wannan ƙorafi ta waya tun kafin azumi, aka ce za a duba.

A bara 'yar Saya ta aiko mini da saƙo cewa ya rasu. Ta ce wanda ya rage shi kaɗai daga cikin mutum taran nan, ɗan ƙaramin da yake riƙe akala, shi ya rubuta sunansa a jerin, ya kuma aiko wa iyalinsa da kwafin hoton da lambar kujerarsa a rubuce a baya. Ban san ko dattijon da kuka yi hira da shi yana jin Hausa ba, ina fata ba ya ji, ina kuma fata ba wanda zai fassara masa yadda aka rufe shirin. Abin da nake nema shi ne a karanta wannan wasiƙa a filin da aka yi dariyar, ba a filin gaishe-gaishe ba, mai gabatarwa ya janye maganarsa da bakinsa, sannan in kuna da sauran hirar da kuka yanke, ku sa mana ita gaba ɗaya, ba kiɗa.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani malamin injiniyanci, daga Zariya.