Godiya ga Masu Gyaran Keken da Ba Su Raina Milimita Ɗaya Ba

Assalamu alaikum Maigida, da dukkan yaran shago.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda godiyar da na yi muku a bakin shago ba ta ishe ni ba. Masu iya magana sun ce yaba kyauta tukwici, kuma ina so duk mai keken giya ya ji abin da kuka yi mini.

Ranar da na turo kekena wurinku, na zo ne da niyyar sayen sabuwar na'urar sauya giya ta baya. Wata uku giyar tana wahalar da ni. In na danna sau ɗaya sai sarƙa ta tsaya tana ƙara ba ta hau ba, in na sake dannawa sai ta tsallake faranti biyu lokaci guda, wato ƙarafan nan masu haƙora na tayar baya da sarƙa ke hawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da zarar na karya kwana sosai sai giya ta sauya da kanta, alhali ban taɓa komai ba. An canza mini wayar giya a wani wuri, an yi ta murɗa kusar saiti, wadda ke daidaita ɗaurin wayar, har ta kusa fita, daga ƙarshe aka ce na'urar ce ta mutu. Kuna da irinta a rataye, na gan ta da idona. Da kun miƙo mini, da na biya na yi godiya na kama gabana.

Maigida, ba ka miƙo ba. Ka rataye keken, ka sassauta wayar, ka zaro kuben da take bi ta cikinsa daga mazauninsa a jikin firam. 'Yar hular da ke bakin kuben sai ta faɗo ƙasa da kanta. Ka ɗauko ma'auni ka gwada a gabana: kaurin kube milimita 4, faɗin cikin hula milimita 5. Hular kuben birki ce aka sa wa kuben giya. Da ka nuna mini bakin kuben, siraran wayoyin cikinsa sun baje kamar tsohuwar tsintsiya, biyu daga ciki har sun leƙo ta ramin hular suna gogar wayar giya duk sanda ta motsa.

A nan ne ka zaunar da ni ka yi mini karatun da ban taɓa samu ba duk shekarun da na yi ina hawan keke. Ka yanko guntun kuben birki da guntun na giya, ka feɗe robar bayansu. Na birki ƙarfe ne guda a nannaɗe kamar sifirin. Na giya kuwa siraran wayoyi ne da yawa a jere, sun bi tsawon kuben, roba ce kawai ta riƙe su wuri guda. Na birki yana jure matsa mai ƙarfi, amma in aka lanƙwasa shi ko aka ja wayar cikinsa tsawonsa yakan ɗan canza. Na giya tsawonsa ba ya canzawa, sai dai ba shi da ƙarfin ɗaukar matsar birki. Ka ja mini kunne a kan wannan da gaske: kada in yarda kowa ya sa mini irin wannan kuben giya a birki, domin a ranar da na matse da ƙarfi yana iya fashewa, birki ya tafi a lokacin da aka fi bukatarsa. Wayoyin ciki ma ba ɗaya ba ne. Ta giya milimita 1.1 ce ko 1.2, ta birki 1.5 ko 1.6.

Da na tambaye ka yadda milimita ɗaya tak zai hana keke zaman lafiya, lissafin da ka yi mini ya shiga kaina. A giyar kamfanin Shimano mai faranti 9 irin tawa, kowace dannawa tana jan waya kimanin milimita 2.5 ne kacal. In kube yana wasa a cikin hularsa har aka yi asarar rabin milimita, kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar ya salwanta ke nan, sarƙa ta tsaya tsakanin faranti biyu. A kekunan da, liba ake ja a hankali har kunne ya ji sarƙa ta zauna, hannun mahayi ne ke rufe duk wani kuskure. Tun da Shimano ya fito da tsarin SIS a 1984, inda kowace giya ke da dannawarta ƙayyadadda, hannu ya daina wannan gyaran, nauyin ya koma kan kube da hularsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne akwatin nan naku mai ɗakuna-ɗakuna, kowane ɗaki da irin hularsa. Ni a da duk ɗaya nake ganinsu. Ashe kowace hula awo biyu gare ta. Cikinta dole ya kama kube tsam, yadda sai an ɗan tura kafin ta shiga, ba ta faɗo in an kifar da ita ba. Bayanta kuma dole ya zauna daram a cikin mazaunin da ke jikin firam. In ta yi masa kauri sai ta tsaya a baki, ba ta kai ƙasa ba, ta riƙa nutsewa kaɗan-kaɗan saiti yana gudu. In ta yi masa siranta sai ta karkace, waya ta riƙa cin gefen ramin. Ka ce akwai kuben giya mai milimita 5 a wasu tsofaffin kekuna, akwai kuma mai 4.5, shi ya sa ba ka yarda da awon ido. Sai da ka gwada hula uku a mazaunin firam ɗina kafin ka gamsu da ɗaya. A mazaunin da ke kusa da tayar baya, inda ruwa da laka suka fi samun waya, ka sa mai dogon hanci wadda ke raka wayar ta kare ta. A ƙarshen da ke shiga na'urar baya ka sa ta alminiyam, saboda nan ne lanƙwasa ta fi tsanani, kuma ta roba wayoyin kube kan huda ta in an daɗe.

Giyar da ke sauya kanta a kwana ma ka gano dalilinta cikin minti ɗaya: kuben gaba ya yi gajarta, in aka juya kan keke sai ya ɗaure ya janye hula daga mazauninta. Kafin ka yanka sabo, sai da ka riƙe shi a wurinsa ka juya kan keken dama da hagu har ƙarshe. Ba ka bar shi da tsawo fiye da kima ba, domin kowace lanƙwasa ta banza ƙarin gogayya ce. Na baya kuma ka ba shi gwargwadon da zai shiga kusar saiti a miƙe.

Ina so in yaba wa yaronka da ya yi yankan. Na farko ya ɗan karkace, kuma ni da ke tsaye ban lura ba. Kai ka lura. Ba ka yi masa tsawa ba, ka nuna masa cewa in baki ya karkace wayoyin gefe ɗaya ne kawai za su ɗauki nauyi, su ne kuma za su fara huda hula. Ya sake yankawa da almakashin kube mai baki kamar na tsuntsu, wanda ke rungumar kuben ta kowane ɓangare, ba filaya mai latse shi ba. Ya daidaita bakin da magagari, ya sa basilla ya buɗe robar ciki, ya zura waya ya ja ta gaba da baya don ya ji ko tana tafiya sumul. Guntun da ya lalace ba ku sa shi a lissafina ba. Yaron da ake koya wa aiki haka, duk inda ya buɗe nasa shagon mutane za su huta.

Da zan tafi ka ce in dawo bayan mako biyu. Mutane kan ce sabuwar waya tana miƙewa, amma ka ce yawancin abin da ake ji hulunan ne ke ƙarasa zama a kan kube da cikin mazauninsu. Shi ya sa ka yi ta jan wayar da hannu kafin ka ɗaure ta, don su zauna tun a shago. Na dawo kamar yadda ka ce, ka murɗa kusar saiti rabin zagaye, ka ƙi karɓar komai.

Yau wata huɗu ke nan. Tsohuwar na'urar da aka ce ta mutu ita ce a jikin keken har yanzu, kuma duk faranti 9 suna amsawa a dannawa ɗaya, a hawa da gangara. Tsohuwar hular nan mai milimita 5 da ka ba ni na ajiye ta, kuma na riga na nuna wa abokaina biyu masu irin matsalata, na yi musu kwatancen shagonku.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙara buɗi, ya raya yaran da kuke koyarwa. Na gode, na gode ƙwarai.

Naku,
Mai keken giya tara