A Duba Kafireto Kafin A Biya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin masu farfaɗo da tsofaffin Volkswagen Beetle. Watan jiya wani yaron shagona ya sayo kafireto, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska, a kasuwar kayan gyara, an ce masa na kamfanin Solex ne na asali, ashe kwaikwayo ne aka wanke da fetur.

Na asali na injin 1600, irin 34 PICT-3, sunansa da lambarsa suna jikin ƙarfen, ba a takardar manne ba. Wannan 34 faɗin maƙogwaronsa ne a milimita, sai a auna. Ni dai nakan kama sandar totur in girgiza. In tana rawa, iska zai riƙa sha, mota ta ƙi tsayawa a silo.

Naku,
Wani tsohon bakanike, Kakuri, Kaduna