Harajin hanya ne ke tsadar da hatsi

Ya Edita,

Ina neman fili in yi tsokaci kan dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka bar harajin kayayyaki na VAT a kashi 7.5 cikin ɗari, suka kuma ɗauke shi daga kayan abinci na yau da kullum.

A takarda dai mun fi maƙwabta sauƙi, domin a Nijar irin wannan haraji kashi 19 ne. To, me ya sa mai sayen mudun masara bai gani a ƙasa ba?

A je kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe a tambayi direbobi. Kafin mota ta iso daga Kumo ko Bajoga, an tsare ta wuri-wuri: wannan da sandar ƙusa, wancan da rasit maras hatimi, ga kuɗin ƙungiya, ga na lodi da na sauke kaya. Dillali ba ya asara, kan kowane buhu yake ɗora abin da aka karɓa, mai iyali ya biya.

Ina kira ga gwamnatin jiha ta haɗe kuɗaɗen nan su zama guda, a biya sau ɗaya ta banki, a kafa allon farashinsa a ƙofar kowace kasuwa. Wanda aka kama da shinge bayan haka, a gurfanar da shi gaban kotu.

Naku,
Wani mai karatu daga Gombe