Zancen fili a tsallaken kogi

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Fatakwal, ya iyali? Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Tun bikin ƙanwarka ba mu ji ɗuriyarka ba, har majalisa ta fara cewa kifin can ya mantar da kai tuwon gida.

To albishirinka. Na yi fuloti a nan Kaduna! Maigidan hayarmu ya sake ɗaga kuɗi bana, ya turo dillali da takarda ko gaisuwa babu, sai uwargida ta ce gara mu ɗaure ciki mu nemi namu ko da ɗaki biyu ne. Cikin gari kam ba na irinmu ba ne. Malali da Unguwar Rimi ko tambaya ba na yi, Kawo da Tudun Wada sun cika maƙil. Shi ya sa kowa ya fuskanci tsallaken kogi, ta titin Yakowa, wajen Millennium City da Danbushiya. Inda muka sani gonakin masara yanzu turakun awo ne jere da bulo.

Gaskiya gwamnati ta yi dabara da ta buɗe wannan ɓangaren. Gada da titi su suka mayar da daji gari. Ka ga Rigasa ma, tunda jirgin ƙasa na Abuja ya fara aiki a 2016 filin kusa da tasha ya fi ƙarfin talaka. Ka san tun dokar filaye ta 1978 ƙasa amana ce a hannun gwamna, shi ke yanka ta ya ba da takardar mallaka. A nan kuma hukumar KADGIS, wadda aka kafa a 2015, ita ke riƙe da bayanan filaye a kwamfuta. Can na fara zuwa aka duba lambar fulotin kafin in saki ko sisi. Kawunka da ya sayi awon igiya a hannun wani mai bakin zuma har yau suna zarya kotu, su uku a kan fili ɗaya. Kada ka ce ni na faɗa maka.

Af, mai shayinmu ya yi amarya. Ta uku! Bashinka na nan a littafinsa, ya ce ko jikokinka sai sun biya.

Abin da ke hana ni barci shi ne, yanka fili daban, zama a cikinsa daban. Layinmu ba kwalbati, ba turken wuta, ruwa sai ka haƙa rijiya ko ka jira 'yan garuwa. Ranar da na kai uwargida ta gani, an yi ruwa da daddare, Keke Napep ɗin ya kafe a taɓo, muka ƙarasa da takalma a hannu. Hagu da dama kuwa duk katangu ne da ƙofar ƙarfe, ciki ciyawa ta kai ƙugu. Masu kuɗi sun saye sun rufe suna jiran farashi ya tashi, mai neman wurin kwana yana can yana biyan haya. Da ni ne mai faɗa a ji, duk wanda ya killace fili ya ƙi ginawa sai ya ji kuɗin ƙasa a jikinsa. Su ma manoman da aka karɓi gonakinsu, in an yi maganar diyya sai ka ga fuska ta canza.

Yanzu saura izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, sannan in fuskanci siminti, wanda kullum da sabon farashi yake kwana. Birkila ya ce in fara zuba fandisho kafin damina ta kankama.

Na kusa mantawa, fulotin da ke bayan nawa mai shi yana neman kuɗi da gaggawa. In kana so ka yi magana kafin Juma'a in kai a duba takardun, amma da sharaɗi: ba za ka kawo mana kiwon agwagin nan naka ba. Ka gaida Hajiya da yara, ka kuma turo man jan da ka yi alkawari tun bara.

Naka,
Maƙwabcinka na gobe in Allah ya yarda