Wasiƙa daga Columbus: Yadda Haukan Maris Ya Kama Ni

Columbus, Ohio
6 ga Afrilu, 2023

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya zafin Zariya? Yau azumi goma sha biyar, na san kuna shan fama da rana. Mu nan sanyi ne bai gama sakinmu ba, har yanzu da rigar sanyi nake fita asuba. Ina fata Hajiya ta samu sauƙin ƙafar, kuma wahalar takardun kuɗin nan ta lafa muku.

Na ga tsiyar da ka yi mini a WhatsApp, wai yaushe na zama ɗan ƙwallon kwando, ni da ko hanyar filin ban sani ba lokacin muna Samaru. Ka yi gaskiya. Amma amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna bayan sahur na rubuto maka.

Akwai wata gasa da jami'o'in Amurka ke yi duk watan Maris, sunan da suke kiranta da shi ma'anarsa Haukan Maris, kuma wallahi sunan ya dace. Tun 1939 ake yin ta. Yanzu ƙungiyoyi 68 ke shiga, a fara tankaɗe huɗu a garin Dayton, nan kusa da mu, saura 64. Daga nan sili ɗaya ƙwale ne: aka ci ka, ka tattara kayanka ka koma makaranta. Babu gida da waje, babu sai mun haɗu a zagaye na biyu. Ana raba su rukuni huɗu, kowane rukuni a jera ƙungiyoyinsa daga lamba 1 zuwa 16 gwargwadon ƙarfi, sai a haɗa lamba 1 da lamba 16, lamba 2 da lamba 15, haka dai. Ka ga ke nan da gangan ake miƙa wa kura ɗan akuya a ranar farko.

Abin da ke haukata mutane kuwa ba wasan ba ne kaɗai, wata takarda ce. Ranar Lahadin da aka fitar da jadawali, kowa zai samu nasa, ya zauna ya canki wanda zai ci kowane wasa, wasa 63, tun daga zagayen farko har wanda zai ɗaga kofi. A wurin aikinmu tun daga mai gadi har shugaba babu wanda bai cike ba. Tsofaffin da ba su san dokar wasan ba suna cikewa. Obama yana mulki duk shekara sai ya cike tasa a gaban kyamara, bana ma Biden ya fitar da tasa. A shafin tashar wasanni ta ESPN kaɗai an cike kusan miliyan 20.

Na san abin da ya zo maka a rai, don ni ma shi ya fara zo mini. E, da yawa suna zuba kuɗi, wanda ya fi maki ya kwashe, kuma wannan caca ce ko da wane suna aka kira ta. Da aka zo mini da ambulan na ce a kai kasuwa. Sai wani abokin aikina, ɗan jihar Indiana, ya ce ai akwai wadda ba a sa ko sisi, sunanka kawai za a liƙa a bango in ka zo na ɗaya, a yi maka dariya in ka zo na ƙarshe. Wannan na shiga, na kuma ɗauko wa uwargida tata takardar.

To, ka san halina da son nuna boko. Kwana uku ina bincike. Na karanta wa ya fi jefa ƙwallo daga nesa, wa ya fi tsaron gida, wa ke da rauni. Abokin nan nawa kuma, wanda a jami'ar Purdue ya yi karatun injiniya, kullum yana hura mini kunne: su ne lamba 1 a rukuninsu, su suka ci kofin yankinsu, makarantarsu ce ta yaye Neil Armstrong da ya fara taka wata, sannan suna da Zach Edey. Shi wannan Edey ɗan Kanada ne, tsawonsa ƙafa 7 da inci 4, in ya tsaya ƙarƙashin kwando sai ka ga sauran kamar 'yan firamare. Na rubuta Purdue a gurbin zakara, har da ja masa layi biyu.

Ita kuwa uwargida ko minti goma ba ta yi ba. Tana yanka albasa take tambayata wace ƙungiya ce ke da ɗan wajenmu. Na ce akwai wani Adama Sanogo ɗan Bamako a jami'ar Connecticut, wadda suke kira UConn, amma su lamba 4 ne. Ta ce, "Rubuta mini su. Ɗan Mali ai ɗan gida ne." Na yi mata dariya har da riƙe ciki. Allah ya sa ba ta da riƙo.

Ranar Alhamis 16 ga Maris aka fara, kuma tun kafin la'asar takardata ta fara yoyo. Wata ƙaramar makaranta mai suna Furman ta fitar da Virginia 68 da 67. Saura 'yan daƙiƙu Virginia na gaba, ƙwallo na hannunsu, sai ɗan wasansu ya ruɗe ya cilla ta sama ba tare da ya duba ba, aka cafe, aka jefa mai maki uku. Da yamma Princeton, lamba 15, makarantar da aka sani da littafi ba da tsalle ba, ta kori Arizona 59 da 55. Arizona kuwa ita Biden ya ba kofi. Na ce to, ni da shugaban ƙasa duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, amma ni zakarana yana nan.

Kashegari Juma'a aka yi wasan Purdue, kuma a nan Columbus aka yi shi. Tikiti ya fi ƙarfin aljihuna, sai na tafi gidan abokin nawa. Ya sa rigar makarantarsu, matarsa ta sa, har karensu an ɗaura masa ƙyalle baƙi da ruwan zinariya. Abokan karawarsu wata makaranta ce a New Jersey, Fairleigh Dickinson. Bari ka ji tarihinsu ka sha mamaki. A kakar da ta wuce wasa huɗu kacal suka ci. Bana ma ba su ci kofin yankinsu ba, Merrimack ce ta doke su a wasan ƙarshe, amma dokar gasar ta hana Merrimack shiga saboda ba ta daɗe da hawowa babban rukunin jami'o'in ƙasar ba, sai gurbin ya faɗo musu. Sai da suka bi ta tankaɗen Dayton. Kuma a cikin ƙungiyoyi sama da 350 na babban rukuni, su ne mafi gajarta. Mafi gajarta, aka haɗa su da mai ƙafa 7 da inci 4! Kocinsu, Tobin Anderson, an ɗauke shi a kyamara yana gaya wa yaransa cewa duk sanda ya ƙara kallon Purdue sai ya ƙara ganin za su iya cin su. Abokina ya nuna mini bidiyon yana ƙyalƙyala dariya.

Ka tuna damben da muke zuwa kallo, ranar da aka sa wani siririn yaro da shagon da kowa ke tsoro, muna cewa a raba kafin a yi gawa? Haka abin ya kasance. Yaran nan ba su yarda sun tsaya ƙirji da ƙirji da Edey ba. In ƙwallo ta nufo shi, mutum biyu ko uku su yanyame shi kamar ƙudan zuma, ɗaya gaba ɗaya baya, su bar sauran 'yan Purdue a sake, wato ga fili nan, ku jefa in kun isa. Su kuwa hannu ya ɗauki rawa. Sau 26 suka jefa daga nesa, 5 kaɗai suka shiga. In Fairleigh suka karɓi ƙwallo kuma sai su janyo dogon zuwa waje, su zagaye shi da gudu. Edey ya yi iya yinsa, maki 21, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani Sean Moore, wanda ɗan yankin Columbus ɗin ne ma, ya zuba 19 a gaban danginsa. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan kallo. Dubban mutanen da suka sayi tikiti don wasu ƙungiyoyi daban, da suka ga abin da ke shirin faruwa, sai duk suka koma bayan ƙananan, filin ya ɗauki sunansu. Aka tashi 63 da 58.

Falon ya yi tsit. Abokina ya zauna riƙe da kai ya fi minti biyar, matar ta tashi ta shige kicin. Ni kuma ga takardata ta zama ta ƙunsa ƙosai, amma in gaya maka gaskiya, a minti biyun ƙarshe zuciyata ta riga ta sauya sheƙa. Ina zaune a gidan mutum, ina cin abincinsa, ina addu'a a ɓoye a ci ƙungiyarsa, ƙungiyar da ni kaina na zaɓa. Irin abin da muka ji ne ranar da Saudiyya ta ci Ajantina a Qatar, ko sanda Maroko ta kori Sifen da Fotugal. Sai dai can sai an shekara huɗu, nan kuwa duk shekara ne, kuma wasa 32 ake yi cikin kwana biyu, kana kallon wannan ana ce maka juya tasha, ga wata giwa can tana tangaɗi.

Tun da aka mai da gasar ƙungiya 64 a 1985, sau biyu ke nan lamba 16 ta ci lamba 1 a ɓangaren maza. Na farko a 2018, wata jami'a a Maryland da ake kira UMBC ta lallasa Virginia 74 da 54. Na yi wa abokina ta'aziyya da cewa ai Virginia ɗin ce ta dawo ta ɗauki kofi a 2019. Ya ce shi ma abin da yake ta faɗa wa kansa ke nan. Purdue dai ta saba: bara ma wata Saint Peter's, lamba 15, ita ta fitar da su.

A daren nan aka sanar cewa a manyan shafukan da ake cikewa babu sauran takarda ko ɗaya da ba ta yi kuskure ba. Kwana biyu kacal, miliyoyi! Masu lissafi sun ce in da ka-cici-ka-cici za ka cike, damarka ta dace duka 63 ita ce ɗaya cikin 9,223,372,036,854,775,808. Ka karanta wa ɗalibanka wannan lambar in ka iya. Shi ya sa attajirin nan Warren Buffett ya yi alkawarin dala biliyan 1 a 2014 ga duk wanda ya dace duka, ya kwanta ya yi barcinsa. Wanda ya fi kowa nisa da aka tabbatar wani mutumin Ohio ne a 2019, ya dace wasa 49 a jere kafin ya faɗi.

Sauran manyan ma haka suka bi. Arkansas ta fitar da Kansas mai riƙe da kofi da maki ɗaya, kocinsu ya tuɓe riga ya hau teburi, dattijo da shi. Alabama da Houston suka fita a dare ɗaya. Aka wayi gari babu lamba 1 ko ɗaya a cikin takwas na ƙarshe, abin da ba a taɓa gani ba. Su Fairleigh kuwa wasa ɗaya suka ƙara, Florida Atlantic ta sallame su, kafin mako ya zagayo wata makarantar ta ɗauke kocin. Wannan ɓangaren ne ba na so. Gasar na kawo wa hukumar da ke shirya ta kusan dala biliyan 1 a shekara daga talabijin, yaran da ke zubar da gumin kuwa har zuwa bana, 2023, ba albashi suke karɓa ba, sai daga 2021 ma aka yarda su samu kuɗin talla da sunansu. Ƙaramar makaranta in ta yi abin kirki, manya su zo su tsince koci da 'yan wasa.

Yanzu ka ji ta uwargida. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, gasa na tsakiya, Sanogo kuma bai ajiye ba. Shi da abokan wasansa biyu suna azuminsu suna atisaye. A wasan daf da na ƙarshe da Miami, rana ta faɗi a Houston gab da za a fara, ya sha ruwa a gurguje ya shiga ya ci maki 21. Turawan ofis suka dame ni da tambaya, wai ko ruwa ba ya sha? Na ce ko ruwa. A masallacinmu, inda yawanci 'yan Somaliya ne da mutanen Afirka ta Yamma, bayan tarawihi ba ka jin hirar kowa sai tasa. Ranar Litinin 3 ga wata suka ci San Diego State 76 da 59, kofinsu na biyar, shi aka ba gwarzon gasa. Duk wasanninsu shida babu wanda suka ci da ratar da ta gaza maki goma. Wani dattijo ɗan Legas ya tuna mana cewa shekara 40 cif da suka wuce, a 1983, Hakeem Olajuwon ya karɓi wannan kyautar yana jami'ar Houston, duk da jami'ar NC State ta ci su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe.

Da yake makin takardar yana ninkuwa kowane zagaye, wanda ya canki zakara ya gama da kowa. Sunan uwargida ne a bangon ofishinmu yanzu, ita da ba ta taɓa taka ofishin ba. Ni ne na uku daga ƙasa. Tun ranar, in na kawo shawara a gida ko ta cefane ce, sai ta ce in bari ta duba takardarta tukuna.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a a goman ƙarshe. Gaida amarya da yara. Shi babban, tunda ka ce ya fara zarce ka a tsawo, ka riƙa kai shi filin jami'a da yamma, ai a Zariyar nan Masai Ujiri ya taso. In mai zuwa ya samu bayan Sallah, a taimaka mini da yaji da kuka, namu ya ƙare tun watan jiya.

Allah ya karɓi ibadunmu.

Naka har kullum,
Amininka na Columbus